Baba Dunduniya da Takalmin Yaya

Shagonsa yana bayan garejin masu gyaran babur. Sai ka bi wani lungu da baƙin mai ya rine ƙasarsa kafin ka kai. Ɗaki ne guda, babu taga, sai ƙofa mai faɗi. 'Yan tseren babur suna kiransa Baba Dunduniya, domin duk wanda ya shigo masa da takalmi a ƙafa, abin da zai fara ji shi ne: "Ɗaga dunduniya mu gani."

Bai taɓa tuƙa babur ba, ko goyo ba ya yarda a yi masa. Da ƙafa yake zuwa, da ƙafa yake komawa. Makanikai kan tare shi da safe su ce, "Baba, yau dai sai mun zagaya da kai." Sai ya ce, "Ƙafata biyu ce kacal, ba ni da ta canji."

Shekara ashirin da biyu ya yi a masana'antar takalman ma'aikata, irin masu ƙarfe a baki, a sashen yankan fata. Da aka rufe masana'antar, ya ɗauko keken ɗinkinsa ya kama wannan ɗaki, yana yi wa kujerun babur sabuwar riga. Wata rana wani ɗan tsere ya kawo masa takalmin da ya faɗi da shi, ko zai gyaru. Bai gyaru ba, amma Baba ya farke shi don ya ga abin da ke ciki: robar da ke kare ƙwauri, kofin da ke riƙe dunduniya, da ƙarfen gefe da ke hana idon sawu murɗewa. Tun daga ranar ya bar kujeru ya koma ƙafafu. Yana sayo takalma ya sayar, amma ba ya miƙa wa kowa sai ya auna. Ba ya awo da safe, ya ce ƙafa ba ta gama buɗewa ba sai ta yini tana aiki. Sai bayan la'asar, da safar da mutum zai sa ranar tsere. A tsakiyar ɗakin akwai gangar jikin wani tsohon babur, babu taya babu inji, an yi masa walda a ƙasa, da giya a hagu da birki a dama. A kai ake gwaji.

Na san shi ne wata takwas bayan rasuwar babban ɗana.

A wurin tsere babur ɗinsa ya zame, a kwanar hanya ta uku, a zagaye na shida. Ƙirjinsa ya bugi shingen gefen hanya. Abin da aka faɗa mana ke nan, kuma ba ni da dalilin musu. Da aka kawo kayansa cikin jaka, wani abokinsa ya ce, ba tare da ya san nauyin maganar ba, takalmin ƙafar dama can nesa aka tsinto shi.  Ni kuwa na san ƙafar dama ita ke taka birkin baya, kuma na san wanda ya sayi takalmin.

Ni ce. Shekara uku ina gaba da tserensa, sannan na gaji, na je wani babban kanti na sayo masa takalmi don ya san na sauko. Arba'in da uku yake sawa. Na ce a ba ni arba'in da huɗu. Haka na saba tun suna firamare, a ƙara lamba ɗaya, ƙafa ta sha iska, yaro ya girma a ciki. Yana da shekara ashirin da huɗu, ya daina girma tuntuni, amma bakina ya riga ya saba. Ya sa a falo, ya taka nan ya taka can, ya ce, "Cif-cif, Umma."

Sai ga Auta, ƙanensa, ran Talata da safe, ya ce mini zai shiga tseren Asabar, kuma da takalmin Yaya zai shiga. Shekararsa ashirin da ɗaya, yana aikin wayar wuta, da guminsa ya sayi babur ɗinsa. Babansu tun rasuwar ba a ambaton babur a gabansa. Ba ni da igiyar da zan ɗaure Auta da ita. Sharaɗi ɗaya na samu ya karɓa: mu kai takalmin wurin mai awo, idan ya ce bai dace ba, ba zai sa ba.

"Idan kuma ya ce ya dace fa?"

"Sai ka sa," na ce. 

Ran Alhamis muka je. Dattijo ne gajere, mai faɗin hannu, tabarau a ɗaure da zare. Muka gaisa, ya yi mini ta'aziyya a taƙaice, ya ce ya san marigayin. Da Auta ya zuge jakar, Baba ya dubi takalmin, ya ɗan daɗe yana dubawa.

"Ajiye su can. Ƙafa tukuna."

Ya shimfiɗa kwali, ya tsayar da Auta a kai, ya zagaye ƙafafunsa biyu da fensir. Ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya zagaya sha-raɓa da tef.

"Tsaya sosai mana. Kana rawa kamar an jona ka da wuta."

"Aikina ke nan, Baba, na saba."

"To yau ni ne mai aiki. Arba'in da huɗu."

Auta ya juyo ya dube ni. "Kin ji ko, Umma? Lambar da ke jikinsu ke nan."

Na ji. Na san da haka tun a gida, fata kawai nake yi tef ɗin ya faɗi wani abu dabam. Na zauna a kan benci, na ɗora jakata a cinya, na riƙe ta da hannu biyu.

Ya zura ƙafar hagu, ya ja zif, ya ɗaure maɗauran. Ya zura ta dama. Da ya miƙe sai na ga ya ɗan yamutsa fuska.

"Yaya ka ji?" in ji Baba.

"Lafiya lau."

"Ba fuskarka na tambaya ba, na riga na gan ta. Yatsu."

"Sun ɗan tokare. Zai saki."

"Wannan ba takalmin zuwa ofis ba ne, roba ce a bakin, ba ta saki. Cire."

Baba ya ɗauki wata siririyar ƙugiya ya zura can cikin bakin takalmin. Ya jawo wani abu ya ajiye a kan tebur, ya yi haka da ɗayan. Soso ne guda biyu, kowanne an yanka shi daidai da bakin takalmi, an lulluɓe shi da fata mai laushi, an ɗinke gefen da ƙananan ɗinki masu tsari. Tsakiyarsu ta lotsa, wurin da babban yatsa yake tokara.

"Wannan kuma fa?" in ji Auta.

Wata takwas ban faɗa wa kowa ba. Na ce, "Sun yi wa Yayanka yawa. Ni na ƙara lamba ɗaya da na saya."

 Baba ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

"Malama, ɗinkina ne wannan."

Ya faɗa yana kallon teburin. Ya ce marigayin ya kawo takalmin washegarin da aka ba shi. Ya hau da shi kan babur ɗin gwaji, dunduniya ta ɗaga har yatsa biyu suna shiga. Baba ya ce masa ya mayar a canza. Shi kuma ya ce, "Baba, Umma ce ta sayo. Shekara uku ba ta son jin zancen tsere, jiya ta miƙo mini wannan da hannunta. In koma in ce mata bai yi ba?" Ya roƙa a cike masa bakin takalmin da wani abu, Baba ya ƙi. Ya dawo, Baba ya sake ƙi. A zuwa na uku ya ce to shi zai cusa tsumma da kansa.

"Sai na ce gara nawa da tsumma. Na zauna na yi masa mai kyau." Ya taɓa soson da yatsa. "Soso yana cika baki ne kawai, ba ya riƙe dunduniya. Na san haka ranar kamar yadda na sani yau. Ban taɓa yi wa wani ba kafin shi, ban yi wa wani ba bayansa."

Na tambaye shi abin da na zo da shi. "Baba, shi ya sa ƙafarsa ta kuskure birki?"

"Ban sani ba, Malama. Ba na wurin. Takalmi ba ya kare ƙirji, wannan na sani. Ko ya fita daga ƙafar kafin faɗuwa ko bayanta, ban sani ba. Idan na ce miki a'a, ƙarya na yi. Idan na ce e, ƙarya na yi."

Wani makanike ya leƙo yana goge hannu da tsumma. "Baba, ka kama wani ke nan? Ɗan'uwa, gudu, sai ya auna har kunnenka." Ya dubi fuskokinmu, ya janye kansa.

Auta ya sunkuya ya jawo takalmin.  "Yanzu da aka cire soson, ai lambata ce."

 Ya sa, ya ɗaure, ya hau babur ɗin gwaji ya duƙa kamar mai shan kwana.

"Ɗaga dunduniya."

Ba ta ɗaga ba.

"Motsa yatsu. Sa giya. Ƙara. Sauke. Taka birki. Sake takawa."

Ƙarfen yana ƙas, ƙas, kowane taku a wurinsa. Baba ya tsuguna ya zura yatsa ta saman takalmin, ya matsa gefen ƙafa, ya tambaye shi ko akwai inda ke cizo. Babu. Takalmin ya zauna wa Auta kamar don shi aka yi.

"Shi ke nan," in ji Auta. Ni yake kallo. "Kin yi alkawari."

Na yi. Na dubi dattijon. Ban roƙe shi da baki ba, amma na san ya gane. Mutumin da ya gama gaya mini ba zai yi mini ƙarya don in samu sauƙi ba, ba zai yi wa ɗana ƙarya don in hana shi tseren Asabar ba. Ya kawar da ido daga kaina.

"Awo ya yi," ya ce. "Cire su ka ba ni. Saura abu ɗaya."

Ya miƙa wa Auta na hagu. "Kama dunduniya da hannu ɗaya, kama sama da ɗaya. Murɗa kamar kana matse wanki. Da ƙarfi, kai ba saurayi ba ne?"

Auta ya murɗa har jijiyoyin hannunsa suka fito. Takalmin bai motsa ba.

"Ga na dama."

Bai ma sa ƙarfi ba. Wani abu ya yi ƙara a ciki, wuyan takalmin ya juya gefe ya kwanta. Daga waje babu abin da ya nuna sai 'yar gogewar kwalta. Baba ya ɗaga shafin ciki ya nuna masa ƙarfen gefe, ya rabu biyu daidai wurin idon sawu.

"Yadda ya juya a hannunka, haka ƙafarka za ta juya a cikinsa."

"Gyara shi."

"Ba ya gyaruwa."

"Manne shi mana, Baba, na rana ɗaya ne. Kai da kake ɗinka komai."

"Na riga na yi wa gidanku gyara sau ɗaya."

Auta ya miƙe. Ya tura takalman cikin jaka, ya zuge da ƙarfi. "Ƙafata ce."

"Taka ce. Takalmin ma naku ne, ɗauki. An ce in faɗa ko ya dace, na faɗa: bai dace ba." Ya koma kan kekensa ya zauna, ya jawo zare yana neman kafar allura.

Auta ya kai bakin ƙofa ya tsaya, bayansa muke gani. A gareji wani yana ta murza babur yana saki. Na so in yi magana, na san duk abin da na faɗa zai tura shi waje ne. Na zuba wa safarsa ido, don ko silifas ɗinsa bai tsaya sawa ba.

"To zan ari na abokina," ya ce, bai juyo ba.

"Lambarsa nawa?" in ji Baba.

"Arba'in da biyar."

 Shi ma ya ji abin da ya faɗa. Ya daɗe a tsaye, sannan ya sauke jakar a ƙasa a hankali.

"Kana da lambata a nan?"

"Mai faɗin da ya yi maka, babu. Sai na aika."

"Kwana nawa?"

"Goma, idan mota ba ta yi wasa ba."

"Asabar jibi ce, Baba."

"Na iya ƙirgen kwanaki."

Auta ya dawo ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin, nesa da ni. Ya sa hannu ya rufe fuska, ya ɗan jima, ya sauke. "Aika," ya ce.

Baba ya ɗauki kwalin, ya rubuta awon a gefen zanen ƙafar, ya rataye shi a ƙusa. Ya ce idan sun iso a zo bayan la'asar da wannan safar, kuma idan ba su zauna ba za a mayar, ko da sau uku ne. Da za mu fita na yi masa godiya. Ya ce babu abin godiya a ciki, bai ɗago daga keken ba.

Ran Asabar Auta bai fita ba. Ya fito da babur ɗin tsakar gida ya wanke shi tun daga taya har madubi, ya goge, ya mayar. Bai yi mini magana ba sai da yamma, da ya leƙo ya ce tsere na gaba sai nan da sati uku, kuma ya riga ya ba da sunansa. Ban roƙe shi ya fasa ba, na san amsar. Sati uku na samu. Na ce masa Allah ya kai mu.