Tsinken Tsintsiya a Cikin Laka

Shekarun baya, ina ajin farko na sakandare a ƙauyenmu kusa da Wad Haddad, ustazarmu ta zana mana ƙwayar halitta ta bangon hanji. A samanta akwai 'yan yatsu tsaitsaye, ido ba ya ganinsu, su ke tsotse abinci. Ta ce cikin kowane yatsa akwai damin zare mai suna aktin, saiwarsa can cikin ƙwayar, shi ke riƙe shi tsaye. Ta ce kowa ta gina irinsa, wadda ta fi za ta kai nata baje koli a gari.

Na ɗebo laka a bakin tur'a, magudanar da ke kai ruwa gonaki. Yatsun da na murza duk suka kwanta. Sai idona ya faɗa kan tsintsiyar mahaifiyata. Na riƙa zare tsinke uku-uku ina cusawa cikin kowane yatsa har gindi. Suka tsaya cak. Na shafe su sumul, ko tsinke ɗaya ba a gani.

Ƙawata ta zo ta tarar da ni, nata duk sun karye. Na raɗa mata dabarar.

Ranar dubawa, nata a karkace suke, tsinke na leƙowa ta sama. Abin da ya ja ustaza ke nan. Ta ɓalle yatsa ɗaya ta ɗaga.

"Ku duba! Ga aktin nan. Ya bitti, ɗiyata, wa ya nuna miki?"

"Tunani na yi, ustaza," in ji ƙawata.

Ta ƙi kallona. Da ustaza ta iso kan nawa, ta ce, "Kwayyis, ya yi kyau, amma ina zaren?" Kafin in haɗa kalma biyu ta wuce.

Ƙawata aka kai. Sati uku ban bi hanyar gidansu ba, ina zagayawa ta gonar auduga cikin rana, kamar ita ke shan zafin.

A gida na ɓalle yatsa ɗaya na nuna wa mahaifiyata, ina jiran yabo. Ta juya shi ta ce, "Ke ɗiyar nan, ashe ke kika ƙarar min da tsintsiya?"

Mun daɗe da shiryawa da ƙawata. Amma har yau in ta ba da labarin baje kolin, sai raina ya ɓaci. Ba haushinta kaɗai nake ji ba. Ni na shafe aikina har ya ɓace, ranar kuma yatsa ɗaya kawai ya kamata in karya.