Shekara Shida Bayan Malam, An Kawo Mini Takardar Sakin Ɗansa

Damina shida ke nan da aka kai Malam, maigidana, makwancinsa. Ku yi mini uzuri, ko a takarda ba na iya kama sunansa. Ni ba mai rubutu a jarida ba ce, a ajin yaƙi da jahilci na koyi haɗa baƙi bayan na haifi 'ya'ya biyar. Duk shekara idan lokacin nan ya zagayo, tuwon sadaka nake yi, in yi masa addu'a, in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, saboda wata takarda da ta yi mako uku a ƙarƙashin katifata, ta hana ni jin daɗin abinci.

Ƙauyenmu a ƙasar Kunci yake. A nan babu daji. Gona tana jingine da gona, layin gamba kaɗai ke raba su, kana noma kana jin tarin maƙwabcinka. A kan wannan gamba ɗana Nasiru ya yi faɗa da Haladu, maƙwabcinmu na gona, shekara takwas da suka wuce. Nasiru ya ce an shigo gonarmu an ci mana kunya biyu. Magana ta yi zafi, ya ɗaga garma. Haladu bai mutu ba, amma hannunsa na dama ya shanye har yau. Alƙali ya ɗaure Nasiru shekara goma sha biyu.

Malam bai yi dogon zance a kan abin ba. Da ruwan shuka ya sauka, ya saɓa garmarsa, ya wuce gonarmu, ya shiga ta Haladu. Ya yi masa huɗa, ya yi shuka, ya yi noman farko, duk kafin ya taɓa tamu. Haladu yana zaune a gindin ɗorawa yana kallonsa. Malam ya yi sallama, ba a amsa ba. Washegari ma ya koma.

Wata rana na ce masa, "Malam, a tamu gonar ciyawa ta fi geron tsawo."

Ya ce, "Dije, daga gidan nan aka ɗauke wa mutumin nan hannu. Sai mu ara masa wani."

Damina biyu ya yi haka, ciwo ya kwantar da shi. A kan gadon jinyar ya bar mini wasiyya guda. Ya ce ranar da yaron nan ya fito, kada ya kwana a garin nan. Daga ƙofar gidan yari ya wuce Kudu wurin ƙanen shi Malam ɗin, ya yi ta ci-rani har zukata su huce. Haka muka taso muka ga ana yi. Wanda ya fito daga ɗauri ba ya dawowa gida kai tsaye, sai ya yi nisa, a manta fuskarsa, sannan wata sallah ya shigo da tsaraba a hankali.

Na riƙe wannan wasiyya, ina ganin saura shekara huɗu in fara tunaninta. Sai na fara ji a rediyo cewa 'yan majalisa suna gyaran doka, za a riƙa sakin fursunan da ya gyara halinsa tun wa'adinsa bai cika ba, ya ƙarasa a gida ana sa masa ido. Na ce Allah Ya sa alheri, ban kawo Nasiru a raina ba. Ran wata Talata sai ga wani jami'i a kan babur, matashi mai ladabi, tare da mai unguwa. Aka shimfiɗa musu tabarma a soro. Ya ce sunan ɗana yana cikin waɗanda ake dubawa, ya koyi aikin kafinta, shekara takwas ba a taɓa kama shi da faɗa ba. Abin da ya rage, gidan da zai karɓe shi ya sa hannu.

Na karɓi takardar. Akwai Hausa a bayanta, na bi ta da yatsa layi-layi. Zai zauna a gidan da aka rubuta. Ba zai bar ƙaramar hukuma ba sai da izini. Zai riƙa kai kansa ofis. In ya yi rigima da kowa, a mayar da shi.

Na ce, "Ɗana, ba za a bar shi ya tafi Kudu ba?"

Ya ce, "Inna, sai inda aka san shi, inda za mu iya zuwa mu gan shi."

"Sau nawa za ka zo?"

"Sau ɗaya a wata, in Allah Ya yarda. Garuruwan da ke hannuna suna da yawa."

Na ce, "To sauran kwanakin fa, wa zai gan shi?"

Ya bar mini takardar, suka tashi suka tafi.

Jama'a, uwa ce ni. Shekara takwas ina roƙon Allah Ya nuna mini ranar da yaron nan zai shigo ya ce "Inna, akwai fura?" Ga ranar ta zo, na kasa sa hannu. Rijiyarmu ɗaya da gidan Haladu, masallaci ɗaya, hanyar gona ɗaya mai faɗin jaki da mangala. Auwalu, babban ɗan Haladu, yana da shekara goma sha biyu ranar da abin ya faru, shi ya tallafe kan ubansa a cikin kunya. Yau ya zama ƙato, tun ranar bai gaishe ni ba. Ina tsoron abin da zai yi wa ɗana. Ina kuma tsoron ɗan nawa, don ban san abin da ya rage a zuciyarsa ba, idan aka tsaya a gabansa aka kira shi da sunan da na san za a kira shi.

Na yi ta tambayar kaina me Malam zai ce. Na san zai so dokar nan, domin bai taɓa yarda cewa zaman ɗaki yana gyara mutum ba. Amma na san tambayar da zai fara yi: an je an gaya wa Haladu? Ba a je ba. A takardar akwai wurin sa hannuna, da na mai unguwa, da na jami'in. Babu wurin mutumin da zai riƙa ganin Nasiru kullum ta saman gamba. Ina roƙon masu gyaran dokar nan, tunda ba su gama ba, su ƙara wannan layi. Wataƙila a birni mutum yana iya kauce wa wanda ya cuta. A nan babu inda za a kauce.

Shekaranjiya na yafa mayafi, na ɗauki takardar, na wuce ƙofar gidanmu kamar yadda Malam yake wuce gonarmu. Na yi sallama a gidan Haladu. Yana zaune, Auwalu yana gefe yana gyaran igiya. Na durƙusa na karanta musu duka. Na ce ban sa hannu ba, sai na ji daga bakinsa.

 Ya ce, "Garmar Malam tana nan?"

Na ce tana cikin rumbu, ƙotar ce ta tsage.

Ya ce, "Damina biyu yana mini sallama ban amsa ba. Ina cewa zan amsa a ta uku." Ya goge ido da hannun hagu. "Je ki sa hannu, Dije. In yaron ya zo, ya san ta inda ubansa yake farawa."

Auwalu ya jefar da igiyar, ya tashi ya fita, bai kalle ni ba.

Na sa hannu jiya. Sunana ya karkace, kamar ranar farko a aji. Tsoron bai tafi ba, kuma ban san abin da Auwalu ya fita da shi a ransa ba. Na saɓa wa wasiyyar Malam, Allah Ya jiƙansa, amma ina jin abin da ya bar mana na gaske ba maganar Kudu ba ce. Yau da safe na fito da garmarsa daga rumbu, na aika wa maƙeri ya sa mata sabuwar ƙota.