Bangon soson da Yaya Ishaya ya bar mini

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Ishaya, kuma har yau ban san ko kariya ya bar mini ko hatsari ba.

Malamin kimiyya ne a Samaru. Aikinsa soso, amma ba na katifa ba, mai taurin nan da ake sawa a jikin firiza don ya riƙe sanyi. Aibin soson ɗaya, da ya ga wuta sai ya kama kamar fetur. Shi kuma Yaya wata farar hoda yake gaurayawa a ciki don wutar ta mutu da kanta. Kullum rigarsa warin hayaƙi, mu kuwa sai tsiya muke yi masa.

Da na buɗe ɗakin sanyi na ajiye kifi a gidanmu na Sabon Gari, shi ya liƙa mini allunan soson a bango. Rabi da hoda, rabi babu, wai sai ya ga ko hodar tana rage riƙon sanyi, sannan ya canza marasa hodar. Na ce, "Yaya, ta yaya zan bambance su?" Ya ce, "Ke dai sayar da kifinki, ni na san su." Kafin damina ta fita zazzaɓi ya ɗauke shi.

Duk farare ne, duk kama ɗaya. Kuma a bayan wannan bangon 'ya'yana suke kwana.

Bana wayar janareta ta yi tartsatsi, mijina ya ce a ɓamɓare duka a huta. Gaskiyarsa. Amma bangon nan kaɗai ya rage na aikin Yaya, sauran an watsar tun da aka kwashe ofishinsa. Da yana nan me zai ce? Wata rana in ji kamar zai ce, "Rahila, cire mana, soso ne kawai." Wata rana kuma haushinsa ya cika ni. Mutum mai tsoron wuta haka, ya tafi ya bar ni da wannan?

Ran Lahadi bayan coci na yanko ɗan guntu daga allo na farko, na ƙyasta masa ashana a tsakar gida. Ya yi baƙi, ya yi hayaƙi, wutar ta mutu. Na yanko daga na biyu, shi kuwa ya ci bal-bal har ya ƙare. Nan na zauna na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Tun ranar yaran a ɗakina suke kwana. Kafintan da mijina ya kira don ɓamɓare soson ya zo, na ce ya je ya dawo. Ni kaina ban san wanne na yi wa kukan ba, wanda ya ƙi wuta ko wanda ya ci. Duka biyun hannunsa ne ya liƙa su.