Malam Abdulsalami, Mai Bin Sawun Ciwon Hanta

Da an sallame sallar asuba, Malam Abdulsalami mahauta yake nufa. Ya tsuguna gefen masu fiɗa, ya ce a nuna masa hantar kowace dabba. Ya latsa, ya juya, ya zaro takarda daga gafaka ya rubuta da ajami. Sannan ya hau jakinsa: yau Mada, gobe Bungudu, jibi Tsafe, duk inda ya ji an ce cikin wani ya kumbura. Shekara goma sha huɗu ke nan yana haka, amma tukwicin da mutanen Gusau suka ba shi suna ne kawai: Malam Leƙa-Rumbu. Haba jama'a!

Abin ya faro ne a shekarar babbar yunwa. Ƙanensa Lukuman, ƙaton manomi, ya shiga ramewa, ido ya yi ɗorawa, ciki ya yi tulu. Aka ce sammu ne. Aka sha rubutu, aka yi ƙaho, wata uku ya rasu. Malam ne ya yi masa wanka, ya ji wani abu kamar dutse a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Tun ranar, duk gidan da wannan daji na hanta ya shiga sai ya je ya tambaya: me mamacin yake ci, ina ake ajiye abincin, wa ya taɓa yin irin ciwon a dangi?

A Bungudu, Inna Dije ta fito masa da muciya, kwana uku da rasuwar mijinta.

"Mi kaka nema cikin rumbuna, muna zaman makoki?"

"Yi haƙuri, Inna. Gyaɗar da marigayi ke ci nika son gani."

Ta ɗebo a fusace ta watsa masa a tabarma. Rabi duk funfuna, ta yi baƙi. Mai kyau an kai wa 'yan kanti, ruɓaɓɓiyar ce aka bar wa tukunyar gida. Yau Inna Dije ce ke zaga gidajen unguwarsu tana sa mata tsince gyaɗa da shanya ta sosai kafin a zuba a rumbu. Wa ya gode wa wanda ya fara nuna mata? Babu.

Shi ma Malam ɗin yana ba ni haushi. Na ce masa, "Malam, ka tsaya a kasuwa ka faɗa wa mutane ruɓaɓɓiyar gyaɗa ce ke kawo ciwon nan, kowa ya huta."

Ya ce, "Ban ce ita ce ba. Na ce ina yawan ganinsu tare. Gida saba'in da ɗaya na shiga, arba'in da shida na iske ta. Sauran ashirin da biyar ɗin fa, in binne su?"

Bara wani likita Bature ya sauka a garin nan, ya ji labari. Kwana uku yana zaune a zauren Malam, tafinta na karantawa yana kwafewa. Ya cika littafi biyu, ya yi ta jinjina kai, ya tafi. A gabana aka yi, ko sunan mai takardun bai tambaya ba. Da na yi ta faɗa, Malam cewa ya yi, "In maganar ta amfani wani a can, ai ta isa inda aka aike ta."

To ni ban haƙura ba. Kai ne ka shiga gidajen da kowa ke toshe hanci, Malam. Kai ne aka kora a Wonaka, aka ce kana neman asirin mutane, washegari ka koma da sallama. Mai haƙurin tambaya, wanda bai taɓa ƙara wa abin da ya gani gishiri ba. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya jiƙan Lukuman.

Yanzu yanar ido ta rufe masa gani, ƙafa ta ƙi hawan jaki. Takardun na cikin tukunya, gara ta fara cin gefensu. Ku masu karatun garin nan, da kuke iya wuni kuna musu a kan wasali ɗaya, Malam bai roƙi riga ko rawani ba. Mutum guda yake nema, mai alƙalami, wanda ba ya ƙyamar majinyaci. Gobe da hantsi zan je in fara kwafa. Tabarmar zauren tana ɗaukar mutum huɗu.