Baƙin Tabarau na Kawu Banki

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ɗan dako ne a tashar manyan motoci. Buhun siminti ya yi ta ɗauka har furfura ta fito masa. Amma unguwa da jini ta san shi. Duk wanda asibiti ta ce ya nemo mai ba da jini, ƙofar Kawu yake fara bugawa, shi ya sa ake ce masa Banki, wato bankin jini.

Alheri ne, ban musa ba, sai dai Kawu bai iya alheri da baki a rufe ba. Sai ya tare saurayi a titi, ya ja masa fatar ido ƙasa, ya leƙa, ya ce, "Wannan jinin ko sauro ba zai ƙosar ba." Wanda ya fi shan wannan tsiya shi ne mai askin layinmu. Ranar da matarsa ta zubar da jini wajen haihuwa, an gwada nasa aka ce bai kai ba. Kawu ya bayar, sannan ya yi ta ba da labarin a shagon mutumin, gaban masu jiran aski.

Ƙurar siminti ta fara taɓa masa huhu, daga baya ƙoda ta gaza. Ni na raka shi asibiti. Likita ta ja masa fatar ido, ciki fari fat. Ta ce ƙoda ce ke zaburar da ɓargo ya yi jini, tasa kuwa ta gaji. Ga huhu ba ƙarfi, ga jinin da zai kai iska jiki ya yi ƙasa, zuciya ce za ta sha wahala. A nemo mai bayarwa.

Ni an gwada ni, ban kai ba. Kawu ya rantse duk wanda ya fitar da maganar ba shi ba shi. Ya sayi baƙin tabarau, ya ce hasken rana ke damunsa. Mutumin da ke hawa bayan mota da buhu biyu ya koma hutawa tsakanin ɗaki da ƙofar gida. Na ji haushinsa, na kuma ji kunyar ganinsa yana ƙarya ga yaran da ya goya.

Amma ba a aski da tabarau. Mai aski ya cire masa, ya ɗaga haɓarsa zuwa haske, ya ɗan dakata. Kawu ya runtse ido kamar yaron da aka kama. Mutumin ya gama aikinsa, ya mayar masa da tabarau da hannunsa.

Da numfashi ya ƙi, muka koma asibiti. Nas ta ce ai an riga an bayar da jini da sunansa. Ana ɗaura masa ledar jinin, mai aski ya shigo, auduga manne a hannunsa. Kawu ya juya fuska bango.

"Ashe ya kai," in ji shi, da ƙyar.

"Ya kai, Yaya."

"Ka faɗa wa mutane?"

Mai aski ya gyara masa bargo. "Ranar can ka ba matata jini, ni ka ba ni kunya. Ni jinin kawai na kawo."

Kawu ya lalubi tabarau ɗinsa a gefen gado, na miƙa masa.