Baba Danja da Takalman Bakin Rami

Kullum da hantsi za ka hango shi yana zagaya tsohon ramin da kamfanin fasa dutse ya bari a bayan unguwa, da doguwar gora mai ƙugiya a kafaɗa. Ba ruwan yake kallo ba. Ƙasa yake dubawa, yana neman takalma.

Ramin ya cika da ruwa kore shar, ba kifi ba kwaɗo, ko iska ta taso da ƙyar yake motsi. Da kamfanin zai tafi, allon ƙarfe guda ya bar mana da jan rubutu: DANGEROUS. To, yaron da bai iya haɗa baƙi ba, ina ruwansa da Turanci? Tsohon maigadin kamfanin ne ya kafa kujera a ƙarƙashin allon, ba wanda ya sa shi, har yara suka laƙaba masa Baba Danja.

Wata mai kitso ta taɓa tambayarsa, "Baba, wai me rubutun nan yake cewa?"

"Abin da zai iya cutar da ke, 'yata, ko da bai taɓa yi ba," in ji shi. "Ba sai ya ci mutum ake kiransa haka ba. Wannan kuwa ya riga ya ci."

Ya san babu yaron da ke shiga ruwa da takalmi. Da ya ga an tuɓe, ba tsawa ba duka, sai ya kwashe ya nufi gidan su yaron, mai takalmin na biye da shi ƙafa ba komai yana kuka. Mu kuwa, da bakinmu kamar reza, me ba mu ce masa ba? Mai shisshigi, tsohon banza! Yau kam kunya ta ishe mu.

Akwai wasu 'yan silifa rawaya ɗaure da waya a jikin allon. Na jikarsa ne. Su kaɗai ya taɓa kaiwa gida babu mai biyo shi a baya.

Ranar da aka kwantar da shi asibiti don aikin ido, 'yar wani tela a unguwarmu ta ɓace. Aka tsinci takalmanta a bakin ramin, an jera su tsaf, ruwan kuma shiru kamar bai san komai ba. Uwar ta zube tana salati. Can sai ga yarinyar ta fito daga bayan duwatsu, jikinta a bushe.

"Baba ne ya hana ni," ta ce. "Ga shi can yana kallona."

Kowa ya waiwaya. A ƙarƙashin allon ga mutum zaune, da hula, da gora a kafaɗa, ko motsi ba ya yi. Jama'a suka ja da baya, don kowa ya san Baba na kwance da bandeji a fuska. Da ƙyar tela ya yi ta maza ya matsa. Ashe buhun tsumma ne Baba ya sa wa rigarsa da hularsa kafin ya tafi.

Kai ne ma'anar rubutun da muka kasa karantawa, Baba. Kai ne garkuwar 'ya'yan da ba kai ka haifa ba. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri, Ya jiƙan mai silifa rawaya.

Sai dai idon bai dawo ba, likita ya ce zaman bakin rami ya ƙare. Yara kuma sun gano buhu ne. Jama'a, kujerar na nan, gorar na jingine, a rinƙa karɓa-karɓa.

Da muka je gaishe shi, tela da mai kitso da iyaye maƙil da ɗaki, ya karkata kai yana gane muryoyinmu ɗaya bayan ɗaya. Murmushinsa ya ɗauke.

"Duk kuna nan?" ya ce. "To wa ke bakin ramin?"