Warin da Ya Shiga Injin Baba Anya

Mai gyaran agogo ne tun yana saurayi, kuma duk layinsu an manta sunansa na yanka, sai dai Baba Anya. Ka rantse masa agogonka bai taɓa faɗuwa ba, sai ya ɗora gilashi a ido ya ce, "Anya kuwa?" Ko gaisuwa ka cika wa fara'a, wuni zai yi yana tunanin me kake nema.

Mutum ɗaya ce bai taɓa zargi ba, matarsa. Yana da mugun minshari, irin wanda numfashi ke ɗaukewa a tsakiya. Ɗakinta na jikin nasa, to da ta ji shiru sai ta dinga bugun bango da ludayi har ya farka ya ja iska. A haka suka tsufa. Da ta rasu ya kulle ɗakin ya jefa mukulli a aljihu, likita kuma ya haɗa shi da injin da ke hura masa iska ta tiyo zuwa hanci. Shi ma sai da ya kwance shi ya ga cikinsa kafin ya yarda.

Ana nan sai ya fara tashi da ciwon kai, maƙogwaro na ɗaci, ga wani wari a cikin tiyon. Gidan kuwa daga shi sai autansa da matar autan. Ya lura suna ƙus-ƙus, yana shigowa su yi tsit. Ya ga surukar tana goge yatsu da kananzir. Tsoro ya kama shi sosai, domin injin nan shi ne numfashinsa. Ya daina yarda da ruwan da take zuba wa injin, ya koma saye da kansa. Da safe ya cusa injin a jaka ya tafi da shi shago kamar mai goyo. Duk da haka warin bai fasa ba.

Ya kai ƙara asibiti. Ma'aikaciyar ta sunsuna soson da ke tace iskar ta ce, "Baba, fenti ake yi a gidanku?"

"Ba a yi."

"To wannan warin fenti ne. Soson ƙura yake tarewa, ba ya tare wari. Ka sake sabo, ka koma wani ɗakin sai ya baje."

"Anya kuwa?" in ji shi. Amma a hanya ya tuna inda yake ajiye injin: kan 'yar kujera, dab da ƙofar da ta haɗa ɗakinsa da na marigayiya.

Bai koma shago ba, ya faɗo gida da tsakar rana. Ɗakin a buɗe, surukar a kan tebur da buroshi, bango ya yi fari fat.

"Wa ya ba ku mukulli?"

"Yanko shi muka yi, Baba. Mun san in mun tambaya ba za ka yarda ba."

"Wato har ɗakinta ya tsone muku ido."

Ta sauko tana goge hannu. "Rannan da aka ɗauke wuta injinka ya tsaya, muna can ƙarshen gida ba mu sani ba. Nan za mu dawo, don mu riƙa jin ka."

Idonsa na wajen da gadon marigayiya yake a da. An manna jarida a jikin bangon, faɗin faranti. Ya ɓare ta a hankali. Tsohon fentin na nan da dauɗarsa, duk ya lotsa da sawun ludayi. Ya daɗe da tafin hannunsa a wurin, hawaye na bin gemunsa bai goge ba.

"A falo zan kwana sai warin nan ya fita," ya ce. Ya kai bakin ƙofa ya juyo. "Ke 'yar nan, barcinki na da nauyi?"

"A'a, Baba."

Ta tsaya jiran kalmar tasa da kowa ya sani. Bai faɗe ta ba.

"Ludayin na ƙarƙashin katifata," ya ce. "Ki zo ki ɗauka."